Ra'ayinmu: Teɓa, kujerar ofis da abin da jiki ke rubutawa a gefen fayil

Akwai jimla guda da ta zama ruwan dare a ofisoshin gwamnatin tarayya, wadda akan ji duk lokacin da likita ya ɗaura wa babban ma'aikaci abin awo a damtse ya ce jininsa ya hau: "Ai namu na gado ne." Da ita ake rufe zance. Mahaifi ya yi teɓa, ya yi fama da hawan jini, ɓarin jikinsa ya shanye bai daɗe da barin aiki ba, don haka ɗan ma ya sallama, yana jiran nasa rabon. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji masu wannan ra'ayi. Wannan jarida na ganin ya kamata a sake buɗe zancen, domin binciken da masana suka tara cikin shekara 20 da suka gabata ya nuna cewa maganar gado rabin gaskiya ce. Ɗaya rabin yana hannun ma'aikaci, kuma kaso mai tsoka daga cikinsa yana hannun gwamnatin da ta zaunar da shi a kujera daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma har tsawon shekara 35.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, wato sama da mutum biliyan 1. A nan gida, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce yadda ya kamata, kuma abin ya fi ƙamari a birane. Hawan jini kuwa ya kama kusan baligi 1 cikin 3. Da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka kwatanta mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye a Najeriya da Ghana da wasu 2,118 masu lafiya, sakamakon da suka wallafa a 2018 ya sa hawan jini a sahun gaba, nesa da kowane dalili, sannan faɗin ƙugu, ciwon suga, rashin motsa jiki, ƙarancin ganye a abinci da barbaɗa gishiri a kan tuwo suka biyo baya. Matsakaicin shekarun waɗanda abin ya sama 59 ne. Duk wanda ya san cewa shekara 60 ce ƙa'idar ritaya ya san abin da wannan adadi yake nufi ga fanshon da aka yi wa bauta.

Duk da haka har yau teɓa ado ce a wurinmu. Wanda aka ƙara wa girma ya fara cika babbar riga, sai a ce ya samu wuri, hutu ya karɓe shi. In kuwa ya rame da gangan, 'yan'uwa su fara tambaya a asirce ko lafiya. Ma'aunin likitoci bai san wannan ladabi ba. Mutum mai tsawon mita 1.70 da ya kai kilo 87 ya riga ya shiga rukunin masu ƙiba a lissafin asibiti, ko da abokansa na ganin bai wuce "jiki mai kyau" ba. Akwai ma awon da ya fi wannan sauƙi, wanda ba ya buƙatar sikeli: a auna tsawon mutum da igiya, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki daidai saman cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Dalilin da ya sa kitsen ciki ya fi na cinya da na damtse haɗari yana cikin jijiyoyin jini. Kowace jijiya, daga babbar da ta fito daga zuciya zuwa siraran da ke ciyar da ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido, tana da wata shimfiɗa a cikinta wadda kaurinta bai wuce ƙwayar halitta guda ba. An daɗe ana ɗaukar wannan shimfiɗa a matsayin shafe kawai, kamar sumuntin da ake yi wa cikin rijiya, har aka gano cewa ita ce ke fitar da wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, ta hana jini daskarewa, ta kuma hana datti manne wa bango. Wannan ganowa ce ta sa aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Kitsen da ya taru a kewayen hanji da hanta ba ya zama shiru kamar buhun hatsi a rumbu. Yana tsiyayar da sinadaran kumburi cikin jini, yana sa jiki ya daina jin kiran insulin, kuma duka biyun suna rage wa shimfiɗar nan ƙarfin fitar da iskarta. Jijiya ta fara tauri, jini ya fara hawa, maiƙo ya fara kwanciya a bango. Ana iya shekara 15 ko 20 a haka mutum bai ji ko ciwon kai ba, yana sa hannu a takardu yana halartar taruka, kafin ranar da wata jijiya za ta toshe ko ta fashe.

To ina gado ya shigo? Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana ɗauke da kwafin kundi iri ɗaya, wanda ya gada daga uwa da uba, mai ƙunshe da umarni kusan 20,000. Amma ƙwayar hanta ba ta aikin ƙwayar ido, alhali kundinsu ɗaya. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa saurin gane wannan, domin ya san abin da ke cikin fayil daban, abin da aka rubuta a gefensa daban. Takarda ɗaya ce, amma in babban sakatare ya ja biro ya rubuta "a aiwatar", sai ta tashi aiki. In ya rubuta "a ajiye tukuna", sai ta shekara a kabad ba wanda ya taɓa ko harafi ɗaya na cikinta. Haka jiki yake yi. Yana liƙa wasu ƙananan alamomi na sinadari, waɗanda aka fi sani da metil, a bakin wani umarni don a rufe shi, ko ya cire su don a buɗe. Sannan zaren DNA naɗe yake a jikin wasu sunadarai kamar zare a mazari. In naɗin ya yi tsauri ba a iya karanta wurin, in ya sassauta a karanta. Ilimin wannan rubutun gefe shi ake kira efijenetiks, sunan da masanin Ingila Conrad Waddington ya ƙirƙira a 1942. Kundin ba ya sauyawa daga haihuwa har mutuwa. Rubutun gefe kuwa abinci da yunwa da hayaƙin taba da motsi da zama duk suna sa hannu a cikinsa.

Hujja mafi ƙarfi ta farko daga yunwa ta fito. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun datse abinci ga yammacin Holan. Da masana suka auna jinin waɗanda aka yi cikinsu a watannin nan, bayan shekara 60, rahoton 2008 ya nuna alamomin metil a kan wani umarni mai kula da girman jiki sun yi ƙasa da na 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya da aka haifa kafin yunwar ko bayanta. Wannan rukuni kuma an san ya fi sauran fama da ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya. A ƙauyukan Gambiya, inda abincin damina ya bambanta da na rani, an gano cewa lokacin da aka yi cikin yaro yana barin tambari a rubutun gefen kundinsa. Mu ma muna da namu. A 2010 masu bincike daga Enugu da cibiyar Karolinska ta Suwidin sun wallafa awon da suka yi wa mutum 1,339 da aka haifa tsakanin 1965 da 1973. Waɗanda yunwar yaƙin basasa ta sama suna ciki ko suna goye sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin hawan jini da yawan suga da nauyin jiki a shekarunsu na 40. Binciken Enugu jini da suga da nauyi ya auna, na Holan ne ya nuna hanyar da abin ke bi, amma labarin ɗaya ne: jikin da aka shirya wa ƙarancin abinci tun yana ciki, in ya tarar da yalwa daga baya, shi ya fi saurin karyewa.

Wannan batu ya shafi Abuja kai tsaye. 'Yan wancan zamani su ne daraktoci da manyan sakatarorin yau, suna dab da ajiye aiki. A Arewa ma waɗanda aka haifa a shekarun farin 1973 da 1974 sun haura 50. Yawancin manyan ma'aikatanmu, daga kowane sashe na ƙasar nan, a ƙauye aka haife su, da ƙafa suka je firamare, sun yi noma sun ɗebo ruwa, sannan ilimi ya ɗauko su ya ajiye a mota mai sanyi da tebur mai shayi da lemon kwalba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan rayuwa biyu ita ake kira "gado" a asibiti, alhali kakanni ba su san ta ba. Binciken da Richard Cooper da abokansa suka wallafa a 1997 ya fito da wannan fili. Sun auna baƙar fata masu tushe ɗaya a wurare uku, suka sami hawan jini kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka, kuma adadin yana hawa ne tare da nauyin jiki da cin gishiri. Abin takaici, alƙaluman biranenmu na yau sun kamo na Amurka na wancan lokaci.

An kuma tambaya: shin rubutun gefen ne ke jawo ƙiba, ko ƙiba ce ke yin rubutun? Wani babban bincike a kan mutum fiye da 10,000, wanda mujallar Nature ta buga a 2017, ya sami wurare 187 a kundin gado da alamominsu ke tafiya da nauyin jiki, ya kuma nuna cewa a mafi yawansu ƙibar ce ta riga, alamar ta biyo. Wato tumbi na riƙe da biro. Yawancin wuraren da yake rubutu a kansu sun shafi sarrafa maiƙo da kumburi, kuma yanayin rubutun ya yi hasashen waɗanda ciwon suga zai kama daga baya.

Abin farin cikin shi ne motsa jiki ma yana da nasa biron, kuma hannunsa da sauri. A 2012 masu bincike a Karolinska, ƙarƙashin Juleen Zierath, sun sa mutanen da ba su saba atisaye ba suka tuƙa keken motsa jiki sau ɗaya tak, suka ɗebi ɗan nama daga cinyarsu kafin da bayan. Nan take alamomin rufewa suka ragu a kan umarnin da ke sa tsoka ƙona suga da kitse, kuma gwargwadon wahalar atisayen gwargwadon raguwar. Bayan 'yan sa'o'i abin ya fara komawa yadda yake, kuma za mu dawo kan wannan. A 2014 wasu a cibiyar suka yi dabarar da ta toshe bakin mai cewa gado ne ko abinci ne: mutum 23 suka yi wata 3 suna atisaye da ƙafa ɗaya, ɗayar tana hutawa. Mutum ɗaya, kundi ɗaya, tuwo ɗaya, amma ƙafar da ta yi aiki ta sami sauyin alamomi a wurare kusan 5,000 da 'yar'uwarta ba ta samu ba. A Jami'ar Lund kuwa, a 2013, kitsen kansa aka duba a jikin maza 23 da suka yi wata 6 suna zuwa motsa jiki, a matsakaici ƙasa da sau 2 a mako, aka sami sauyi a kan umarni 7,663, cikinsu har da waɗanda aka san suna da hannu a ƙiba da ciwon suga.

Jijiya ma tana jin motsi kai tsaye. Idan mutum ya yi sassarfa, jini na gudu da ƙarfi yana shafar shimfiɗar cikin jijiya, wannan shafa kuma ita ce ke umartar ƙwayoyin wurin su ƙara buɗe umarnin da ke samar da naitirik oksaid. Likitoci a birnin Leipzig na Jamus sun nuna a 2000 cewa mako 4 na atisaye ya gyara yadda jijiyoyin zuciya ke buɗewa a jikin mutanen da tuni ciwon zuciya ya kama su. Mako 4 bai isa a ga wata rama a madubi ba. Wannan na da muhimmanci ga duk wanda ya fara tattaki, ya hau sikeli bayan wata guda, ya ga allura ba ta motsa ba, ya ce aikin banza ne ya koma kujera. Jijiyarsa ta riga ta karɓi albashinta, sikeli ne bai sami labari ba.

Ba za mu yi wa mai karatu romon baka ba. Binciken efijenetiks a kan motsa jiki ƙanana ne, yawancinsu a kan mutum 20 zuwa 30 na Turai, kuma tsoka da kitse da jini aka fi aunawa, tunda ba a yankar jijiyar zuciyar mai rai don gwaji. Sun bayyana hanya, ba su isa su zama takardar magani ba. Duk wanda ya zo ofis da jaka yana tallan ƙwaya ko garin shayi da sunan "yana gyara ƙwayoyin gado", kuɗin ma'aikaci yake nema. Sannan akwai sakamakon da ya kamata ya rage mana zaƙewa. A watan Nuwamban 2024 masana a Zurich ta Suwizalan suka wallafa a Nature cewa ƙwayoyin kitse ba sa manta ƙiba. Sun duba kitsen mutanen da aka yi wa tiyatar rage tumbi, shekara 2 bayan sun zubar da nauyi mai yawa, suka tarar har lokacin ƙwayoyin ba su koma aiki irin na wanda bai taɓa ƙiba ba. A jikin ɓeraye sun ga alamomin gefen sun tsaya daram, kuma ɓeran da ya taɓa ƙiba ya fi ɗan'uwansa saurin sake kumbura da zarar an ba su abinci mai maiƙo. Ƙwayar kitse kuwa tana kai kimanin shekara 10 kafin jiki ya musanya ta.

Daga wannan muke ɗaukar abu biyu. Wanda ya rame ya sake ƙiba ba lallai ragwanci ne ya kayar da shi ba, yana kokawa ne da jikin da ke jan sa baya, kuma ya fi cancantar taimako a kan gori. Na biyu, kuma shi ya fi shafar hukuma: ƙaramin ma'aikacin da aka ɗauka bana a mataki na 8, siriri kamar sanda, shi ne ya fi kowa arhar ceto. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Irin ramar gaggawa da ake yi don biki, ko wadda azumi ke kawowa ta gudu kafin a gama yawon Sallah, ba ta goge komai daga fayil.

Abin da ke gogewa shi ne ɗan kaɗan mai ɗorewa, kuma a nan hujjar ba ƙarama ba ce. A Amurka an raba mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon suga gida uku. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiya minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, kashi 31. Ga mai kilo 100, kilo 7 ake magana. A birnin Da Qing na ƙasar Sin an fara irin wannan da mutum 577 a 1986, aka yi shekara 6 ana koya musu cin abinci da motsi, aka bar su. Da aka waiwaye su bayan shekara 30, mutuwa ta ciwon zuciya da jijiya ta ragu da kashi 33 cikin 100 a cikinsu. Sai dai wani gwajin na Amurka a kan mutum 5,145 da ciwon suga ya riga ya kama, masu shekaru da nauyi, an dakatar da shi a 2012 domin rage ƙibar bai rage bugun zuciya da shanyewar jiki ba, ko da yake ya amfane su ta wasu fuskoki. Idan aka jera ukun, saƙon a fili yake: ribar tana wurin wanda ya fara da wuri.

Za a ce ai yanzu akwai allura. Gaskiya ne, semaglutide ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kashi 20 cikin 100 a gwajin mutum 17,604 da aka wallafa a 2023, kuma ga wanda likita ya ga ya dace da ita alheri ce. Amma kuɗinta na wata ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, waɗanda suka daina ta sun mayar da kusan kashi 2 cikin 3 na abin da suka zubar cikin shekara guda, kuma tun a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunta. Ba da ita za a rufa wa ma'aikata dubbai asiri ba.

Abin da ya sa muke ɗora nauyi a kan gwamnati shi ne, ilimin nan kansa a jikin ma'aikata aka fara gano shi. A 1953 Dokta Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas masu bene na Landan, da ke wuni a zaune, da kwandastocinsu da ke hawa da sauka suna karɓar kuɗi. Kwandastoci sun fi tsira daga ciwon zuciya, in ya same su ma bai cika kashe su nan take ba. Ya sami irin wannan tsakanin masu raba wasiƙa da ƙafa da akawunan da ke zaune a gidan waya. Har ɗakin ajiyar kayan sarki ya shiga ya duba awon wanduna, ya tarar ƙugun direbobi ya fi faɗi. Daga 1967 kuma aka bi ma'aikatan gwamnatin Ingila kusan 18,000 a binciken Whitehall, aka gano abin da ba a zata ba: masinjoji da masu gadin ƙofa sun ninka manyan jami'ai sau 3 a yawan mutuwa. Saboda haka wannan ba ciwon manya ba ne kaɗai. Direban da ke wuni a mota yana jiran oga, da hadimin da ba ya tashi sai mai gida ya tashi ko da ƙarfe 10 na dare ne, ya tsaya ya ci tsire da lemo ya kwanta, suna cikin sahun farko, kuma su ne ba su da kuɗin fita waje neman magani.

A dubi ranar ma'aikacin da ke zaune a Mararaba ko Nyanya ko Kubwa ko Suleja. Ya fito kafin gari ya waye don gudun cunkoso, ya zauna a mota, ya zauna a ofis, ya zauna a taro, ya sake zama a mota, ya isa gida bayan magariba. A ce wa wannan mutum ya nemi minti 150 zuwa 300 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta, ba tare da an taɓa tsarin aikinsa ba, wasa da hankali ne. Muna yaba tattakin wata-wata da ake shirya wa ma'aikata da gasar wasanninsu ta shekara-shekara, amma binciken 2012 da muka ambata ya riga ya yanke hukunci a kansu: alamar da ke fara komawa cikin sa'o'i ba za a riƙe ta da fita sau ɗaya a wata cikin sabuwar riga da hula a gaban kyamara ba.

Muna kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da ya ware minti 30 cikin lokacin aiki, sau 3 a mako aƙalla, ya zama haƙƙin ma'aikaci da ba wanda zai harare shi a kai, kuma manya su fara fita don ƙanana su samu ƙafa. A gyara matakalar benaye, a sa musu fitila, a kwashe tsofaffin kabad da karyayyun kujerun da aka jibge a cikinsu. A sa awon jini da suga da ƙugu sau ɗaya a shekara cikin tsarin aiki, sakamakon ya tsaya tsakanin ma'aikaci da likita, kada ya kusanci fayil ɗin ƙarin girma, in ba haka ba kowa zai gudu. Kuɗin da ake warewa don abin taɓawa a taruka ma na gwamnati ne, ita ke da ikon cewa a kawo ruwa da gyaɗa da 'ya'yan itace maimakon katan-katan na lemo. Akwai ban mamaki a ce gwamnatin da ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, don rage shansa, ita ce kuma ke sayensa da kuɗin jama'a tana jerawa a gaban ma'aikatanta.

Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, ta fi kowa sanin kuɗin wankin ƙoda da jinyar wanda jikinsa ya shanye. Biyan masanin abinci da mai koyar da motsa jiki su bi mai ƙiba na shekara guda bai kama ƙafar wannan ba, kuma binciken Zurich ya nuna cewa bibiya mai tsawo ita ce maganin, ba lacca ta yini ɗaya ba. Hukumar Babban Birnin Tarayya kuwa ta tuna cewa garin da aka zana don mota ana iya gyara shi don ƙafa. Bakin tafkin Jabi na cika da masu tattaki kowace safiyar Asabar, alamar cewa jama'a na so. Abin da babu shi ne hanyar ƙafa mai fitila da tsaro a unguwannin da yawancin ma'aikata ke kwana. Mata na buƙatar kulawa ta musamman a nan, da wurare da lokutan da za su motsa jiki cikin sutura da natsuwa, domin abin da Holan da Gambiya da Enugu suka koyar shi ne lafiyar mace kafin ciki da lokacinsa tana shiga fayil ɗin ɗanta.

Ga shi kansa ma'aikaci, kafin takardar umarni ta fito, akwai abin da ba ya jiran sa hannun kowa. Sauka daga mota tasha ɗaya kafin ofis, hawa bene da ƙafa, zuwa masallaci ko coci mai ɗan nisa maimakon na ƙofar gida, tashi daga kujera kowane rabin sa'a, tattaki da sanyin safiya ko bayan la'asar lokacin da rana ta yi sauƙi. Ma'aunin saurin shi ne mutum ya iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga. Wanda ya haura 40 bai taɓa atisaye ba, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ko yake jin nauyi a ƙirji in ya hau bene, ya ga likita kafin ya fara, ya kuma fara a hankali. Kada wanda ke shan maganin hawan jini ya ajiye shi don ya fara tattaki. Likitan da ya rubuta shi ne zai rage shi in awo ya nuna. Gishiri kuma kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya yana cikin lissafin.